Lowry ya ba ni 4.6, Bradford ya ba ni 1.4: wanne zan rubuta?

Zainab T/Wada:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Don Allah a fitar da ni daga wani duhu. Aikina na digiri na biyu a kan enzayim ɗin feroksides ne na ganyen zogale. Ganyen daga wani lambu na bakin kogin Kaduna nake samo shi ɗanye, in niƙa shi da bafar Tris mai sanyi (ruwan sinadari mai hana ƙarfin asid canzawa), in tace, in juya a santirifuj (injin da ke juya kwalba da gudu har tuƙa ta kwanta), in ɗebi ruwan saman. Da na zo auna furotin ɗin da ke cikin ruwan, hanyar Lowry ta ba ni miligiram 4.6 a kowace mililita. Wata ƙawata tana da ragowar sinadarin Bradford, na ce bari in gwada da shi don hankalina ya kwanta, sai ya ba ni 1.4. Samfur ɗaya, rana ɗaya, na'urar auna haske ɗaya, kuma da BSA ɗaya (furotin ɗin jinin shanu da ake kwatanta samfur da shi) na yi ma'auni. Na maimaita, tazarar tana nan daram. Wanne ne gaskiya? Wanne zan sa a tebur?

Bashir Kawo:
Wa alaikumus salam. Lowry za ki sa mana. Duk kundin da kika buɗe Lowry 1951 za ki gani, ba mai jarrabawar da zai tsare ki da tambaya a kansa. Bradford ɗin ma aro kika yi, ki manta da shi kawai.

Dakta Maryam:
Bashir, dakata tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. In hanyoyi biyu suka ɗan saɓa ba abin mamaki ba ne, haka suka gada. Amma ninki uku da ɗoriya? Akwai abin da ke cikin kwalbar nan yana ba da launi alhali ba furotin ba ne. Zainab, amsa min waɗannan. Da me kika saita na'urar a sifiri, tataccen ruwa ko bafarki? BSA ɗin a cikin me kika narkar da shi? Ruwan ganyen wane launi ne kafin ki zuba masa komai? Kuma kin sirka samfur ɗin har karatunsa ya faɗa tsakiyar layin ma'auni, wato layin da kika zana da karatun BSA, ko ya zarce ɗigon ƙarshe?

Zainab T/Wada:
Dakta, da tataccen ruwa na saita sifiri, BSA ɗin ma a ruwa na narkar da shi, haka takardar da muke bi ta ce. Ruwan ganyen kore ne da farko, in ya ɗan jima sai ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa. Na sirka duka biyun, karatun bai fita daga cikin layin ba.

Dakta Maryam:
To ga bakin zaren. Abin da nake so duk ɗalibin da ke zauren nan ya riƙe shi ne, a cikin hanyoyin nan babu wadda ke ƙirga furotin kai tsaye. Kowace tana haifar da launi ne, na'ura ta auna yawan hasken da launin ya shanye, mu kuma mu ce launi kaza daidai yake da BSA kaza. Saboda haka tambayar farko kullum ita ce: ban da furotin, me kuma zai iya haifar da wannan launin a cikin kwalbata?

Lowry mataki biyu ne. Da farko jan ƙarfen da ke cikin kofa salfet yana kama mahaɗan da suka ɗaure amino asid da juna, a cikin ruwa mai sodiyom haidiroksaid. Sannan ki zuba sinadarin Folin-Ciocalteu, shi kuma ya karɓi ilektiron daga wannan haɗi da kuma amino asid ɗin tayirosin da tiriftofan na jikin furotin, ya koma shuɗi, ki karanta a nanomita 750. Matsalar ita ce Folin ba ya tambayar daga ina ilektiron ɗin ya fito. Duk abin da ya miƙa masa, zai yi shuɗi. Ki leƙa teburin masu auna fenol, wasu sinadarai na jikin tsirrai, a ganyayyakin magani, ki ga kwalbar da suke amfani da ita. Folin ɗin nan ne dai, sai dai su da galik asid suke ma'auni, su karanta a 765. Ganyen zogale kuwa cike yake da fenol da filabonoid irin su kwasetin, ga bitamin C, shi ma yana shuɗanta Folin. Rikiɗar da ruwanki ke yi zuwa ruwan ƙasa, fenol ɗin ne ke haɗuwa da iska. Wato 4.6 ɗinki furotin ne da fenol da bitamin C a haɗe. Ga Tris kuma, shi ma yana taɓa Lowry, kuma tunda babu shi a kwalbar sifiri da ta BSA, duk abin da ya jawo a kan samfur ɗinki kaɗai ya sauka.

Bradford ba ta wannan hanya yake bi ba. Rini ne, Coomassie G-250, wanda a cikin asid yake ja-ja mai duhu. In ya manne wa furotin, musamman wurin da amino asid ɗin ajinin yake, sai ya koma shuɗi, shan haskensa ya tashi daga nanomita 465 zuwa 595. Bitamin C da Tris ba su dame shi sosai ba. A ruwan ganye irin naki, 1.4 ya fi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba.

Malam Haruna:
Salamu alaikum. Dakta ta yi bayani mai gamsarwa a kan fenol, ba ni da ja. Amma ina tsoron kada yara su tashi daga nan suna cewa Lowry lalatacciyar hanya ce, Bradford ne mai gaskiya. Ba haka ba ne. Takardar da Oliver Lowry da abokan aikinsa suka fitar a 1951 ita ce takardar kimiyya da aka fi ambata a duniya, kuma ba a banza ba. In samfur ɗinka tsarkakakke ne, tana gani har 'yan maikurogiram kaɗan, kuma sinadaranta duk akwai su a kowane ɗakin gwaji: sodiyom kabonet, sodiyom haidiroksaid, kofa salfet, tataret, sai Folin.

Shi kuma Bradford, wanda Marion Bradford ya fito da shi a 1976, yana da nasa halin. Rinin ya fi son wasu furotin a kan wasu. BSA yana cikin waɗanda ke kama rinin da yawa fiye da akasarin furotin, to in ka yi ma'auni da shi ka auna furotin ɗin ganye, sau da yawa lissafinka ƙasa da gaskiya zai zo. Gajerun feftaid kuma ba ya ganin su sam. Layin ma'auninsa yana lanƙwasa in ka yi sama, in ka tilasta masa miƙewa ka cuci kanka. Rinin yana manne wa kubet, 'yar kwalbar da ake sakawa a na'ura, in ba ka wanke da itanol ba, karatun baya sai ya hau na gaba.

Sannan akwai tanin. Majema da suke jiƙa fata da bagaruwa, tanin ɗin bagaruwar ne ke kama furotin na fatar ya ɗaure shi. Abin da ke faruwa ke nan a cikin turmin 'yata Zainab in ta niƙa ganye ba tare da kariya ba: wani furotin ɗin ya ɗaure da fenol ya bi tuƙa zuwa gindin kwalba tun a santirifuj. Don haka ni ba zan ce 1.4 shi ne gaskiya ba. Abin da zan ce, 4.6 ya yi yawa, 1.4 kuma mai yiwuwa ya yi kaɗan.

Dakta Maryam:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da duk aibin da ka lissafa wa Bradford. Inda muka rabu shi ne girman kuskuren. Na Bradford kuskure ne mai bin tsari, zai bi ta tun daga ɗanyen ruwa har matakin ƙarshe. Na Lowry a nan kuwa yana canzawa daga mataki zuwa mataki, shi ne ya fi haɗari.

Bashir Kawo:
Malam da Dakta, ku gafarce ni, amma ku dubi halin da ɗalibai ke ciki. Kuɗin sinadari daga aljihunmu yake fita, wuta ba kullum ba, lokacin kare aiki ya matso. Tunda Lowry hanya ce karɓaɓɓiya, ta rubuta abin da ya ba ta, ta faɗi hanyar da ta bi, ina laifinta? Ba ƙirƙirar lamba ta yi ba, na'ura ce ta ba ta. Kuma na ga masu irin aikinta da Lowry suna samun ninkin tsarkakewa mai kyau.

Dakta Maryam:
Jimlarka ta ƙarshe ita ce dalilin da ya sa ba zan bar maganar nan ta wuce ba. Zainab ba don furotin ɗin kansa take auna shi ba, so take ta raba ƙarfin enzayim da shi, ta san ƙarfinsa a kan kowane miligiram. Mu ƙaddara ɗanyen ruwanta yana da ƙarfi 92 a mililita. In ta raba da 4.6, ta sami 20. In ta raba da 1.4, ta sami kusan 66. Yanzu ta kwantar da furotin ɗin da amoniyom salfet, ta yi dayalisis, wato ta tace shi ta jakar da ƙananan sinadarai kaɗai ke ratsawa. Yawancin fenol da bitamin C sun bi ruwa sun tafi, Lowry ya dawo hayyacinsa. Mu ƙaddara ta sami 200 a kan miligiram. Da lambar Lowry za ta ce ta tsarkake enzayim ɗin ninki 10. Da ta Bradford ninki 3 ne kacal. Bakwai ɗin da ke tsakani ba wani furotin ta raba da enzayim ɗinta ba, fenol ta zubar.

Ka ga lambar da ba daidai ba ita ce ta fi ƙawata tebur. Shi ya sa ake saurin karɓar ta. Gobe wani ɗalibi ya ɗauki kundin ya bi hanyarta tiryan-tiryan, ya kasa samun ninki 10, ya ɗauka hannunsa ne ba kyau. Kafin ta gwada Bradford ba ta da laifi ko kaɗan. Yanzu da ta ga tazarar da idonta, ba za ta iya yin kamar ba ta gani ba.

Bashir Kawo:
Wannan lissafin ya shige ni, Dakta. Amma har yanzu maganar kuɗi tana nan.

Usman Malali:
Bashir, in kuɗin Bradford ne, ba sai an sayi haɗaɗɗe na kamfani ba. Miligiram 100 na Coomassie G-250, a narkar a mililita 50 na itanol mai kashi 95, a ƙara mililita 100 na fosforik asid mai kashi 85, a cika da tataccen ruwa zuwa lita ɗaya, a tace da takardar tacewa, a zuba a kwalba mai duhu. Lita ɗaya ta ishi ɗalibai da dama su yi karo-karo. A dai duba jikin kwalbar rinin da kyau: G-250 ake so, R-250 na rina jel ne. In kun ga haɗin ya yi shuɗi tun ba a sa masa furotin ba, ko kwalbar ba ta wanku ba, ko sabulu ya saura a ciki. Mililita 0.1 na samfur, mililita 5 na rini, a jira minti biyar, a karanta kafin awa ɗaya ta cika, don bayan nan rinin da furotin sukan fara dunƙulewa.

Nura Kakuri:
Ni a ɓangaren abincin kaji nake, ku yi min uzuri in na shigo da tambayar jahilci. Mu mun san busasshen garin zogale yana da furotin wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. To ai ko 4.6 ɗin bai kai ko'ina ba, balle 1.4. Me zai hana ta yi Kjeldahl a huta? Shi ba ruwansa da launi.

Malam Haruna:
Malam Nura, tambayarka tana kan hanya, sai dai abu biyu ne daban. Kjeldahl, wanda Johan Kjeldahl ya ƙirƙiro a Danmak a 1883, naitirojin yake aunawa. Ka dafa samfur a salfurik asid har komai ya narke, ka mai da naitirojin ɗin amoniya, ka auna, ka ninka da 6.25 saboda an ƙaddara furotin yana ɗauke da naitirojin kashi 16 cikin ɗari. Ko wannan 6.25 ɗin ba ko'ina yake aiki ba, alkama 5.7 ake sa mata, madara 6.38. Kuma ba naitirojin ɗin furotin kaɗai zai ƙirga a ganye ba, har da wanda ba na furotin ba. Ka tuna madarar jarirai ta Sin a 2008, da aka zuba wa melamin. Melamin ba furotin ba ne, naitirojin ne ya yi masa yawa, gwaji ya nuna madarar ta cika furotin, yara suka kamu da ciwon ƙoda, wasu suka rasu. Ka ga shi ma ana ruɗin sa.

Sannan kai busasshen ganye kake aunawa gaba ɗayansa. Ita ɗanyen ganye ta niƙa, wanda yawancinsa ruwa ne, ta ƙara masa bafa, ta ɗebi abin da ya narke kawai. Ba a kwatanta lambobinku. Tris ɗinta ma yana da naitirojin a jikinsa.

Nura Kakuri:
Na gane, Malam. Allah ya ƙara ilimi.

Hajiya Rabi:
Mu a ɗakin gwajin asibiti Biuret muke yi wa ruwan jini, kuma ba ya ba mu ciwon kai. Kofa salfet ya kama mahaɗan furotin, ruwan ya koma shunayya, mu karanta a wajen nanomita 540. Na fi son sa don bai cika bambanta wannan furotin da wancan ba, mahaɗan yake bi. Amma ba zan ce wa ƙanwata ta yi shi ba. Ruwan jinin mai lafiya yana da giram 6 zuwa 8 a desilita, wato miligiram 60 zuwa 80 a mililita. Biuret sai furotin ya kai wajen miligiram 1 a mililita yake fara ganin sa da kyau, nata a bakin iyaka yake, ga koren ganye zai shiga karatun, ga amoniyom salfet da Tris duk ba sa shiri da shi.

Abin da zan ba ki daga wurinmu shi ne ɗabi'ar samfur na shaida. Ba ma sakin sakamakon majiyyaci sai mun auna wani ruwan da muka riga muka san adadinsa, mun ga ya fito daidai a ranar. Ke ma ki ajiye kwalba guda ta BSA da kika san ƙarfinta, wadda ba ta cikin na layin ma'auni, ki riƙa auna ta tare da samfur ɗinki. Ranar da ta kauce, kada ki yarda da sauran.

Zainab T/Wada:
Na gode ƙwarai, iyayena. Wani ya ce min in je inda suke da na'urar NanoDrop in ɗiga maikurolita biyu in karanta a nanomita 280, wai ba sai an sa wani sinadari ba. Ko in nemi wata hanyar auna furotin da ake kira BCA?

Usman Malali:
Duka biyun ba naki ba ne a wannan matakin. Karatun 280 tiriftofan da tayirosin yake gani, amma fenol ɗin ganye su ma suna shan haske a daidai wurin, ga DNA da RNA da ke kutsowa daga 260. Na tsarkakakken furotin ne. Inda zai yi miki amfani shi ne duba BSA ɗinki: miligiram 1 a mililita ya kamata ya ba da wajen 0.66 a kubet mai faɗin santimita 1. Garin BSA yana shan laima, da damina musamman, sai ki auna miligiram 10 a sikeli alhali wani ɓangarensa ruwa ne. In a na'urar kubet za ki duba, sai kubet na kwaz, na roba da na gilashi ba sa barin hasken 280 ya wuce.

BCA kuwa, wanda ya fito a 1985, shi nake amfani da shi, don ina fasa ƙwayoyin cutar sammore da sabulun SDS, shi kuma SDS yana lalata Bradford gaba ɗaya. Minti 30 a digiri 37, ka karanta a 562. Amma shi ma da jan ƙarfe yake aiki, duk abin da ke ba da ilektiron zai ƙara masa launi. Fenol da bitamin C ɗinki za su yi masa abin da suka yi wa Lowry. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: ni Bradford ne ba zan iya ba, ke kuma BCA.

Malam Haruna:
To sai an gwada akan san na ƙwarai. 'Yata, ga abin da za ki yi, kuma bai wuce yini ɗaya ba. Ki ɗebi ɗanyen ruwan, ki zuba masa TCA, asid ɗin da ke kwantar da furotin, mai kashi 20 daidai yawansa, ya zama kashi 10. Ki sa safar hannu, yana cin fata. Ki binne kwalbar a ƙanƙara rabin awa, in ba wuta ki sayo ta leda ki fasa. Ki juya a santirifuj, furotin zai kwanta, akasarin fenol da bitamin C da Tris su tsaya a ruwan sama, ki zubar. Ki wanke abin da ya kwanta da asiton mai sanyi, ki bar shi ya sha iska kaɗan, kada ya bushe ƙarau don zai ƙi narkewa. Ki narkar da shi a sodiyom haidiroksaid mai ƙarfin mola 0.1, ki yi masa Lowry. BSA ɗinki ma ki narkar a Tris ki bi da shi ta wannan hanya, kwalbar sifiri ma haka. In Lowry ya faɗo, maganar Dakta ta tabbata. Kuma in kin zuba Folin ki girgiza nan take, kwalba ɗaya bayan ɗaya, don ba ya daɗewa da rai a cikin ruwa mai soda. Minti 30 a duhu kafin karatu.

Dakta Maryam:
Ki ƙara gwaji biyu a kan na Malam, duka a Bradford. Ki sirka samfur ɗin kashi biyu, kashi huɗu, kashi takwas, ki auna kowanne, ki ninka da yawan sirkin. In lambobin sun zo kusa da juna, madalla. In suna hawa ko suna sauka a jere, wani abu na tsoma baki. Na biyu, ki ƙara wa samfur ɗin BSA da kika san adadinsa, ki ga ko ƙarin ya fito cikakke. In ya fito tsakanin kashi 90 da 110 cikin ɗari, ni na gamsu. Kowace kwalba ki yi ta uku-uku.

Bashir Kawo:
Tunda BSA ɗin tsada gare shi, ba za ta iya amfani da layin ma'aunin da aka yi a baya ba? Akwai wanda ke yawo a hannun ɗalibai, R² ɗinsa, lambar da ke nuna miƙewar layi, 0.999.

Malam Haruna:
A'a, Bashir. Wannan kam a'a. Ka auna hatsi da mudun wata kasuwa, ka zo ka biya da farashin mudun taka kasuwar? Layin ma'auni na ranar da aka yi shi ne, da rinin ranar, da fitilar na'urar ranar, da zafin ɗakin ranar. Zafin Kaduna na watan Afrilu da sanyin hunturu ba launi ɗaya za su ba ka ba. Rinin Bradford yana raguwa da ƙarfi in ya kwana biyu. In aka ɗauke wuta aka ta da janareta, sai ka bar na'urar ta ɗumama kamar minti 20 ka sake saita sifiri, balle layin da aka yi bara. Shi kuma R² mai kyau ba ya nuna cewa lambarka daidai ce. In fifet ɗinka, abin ɗibar ruwa da awo, yana ɗiban ƙasa da abin da ya rubuta, ko BSA ɗin ya lalace, kana iya samun layi miƙaƙƙe sumul a kan ƙarya. Ka ɗebi maikurolita 1000 na tataccen ruwa ka ɗora a sikeli, ya kamata ka ga kusan giram 1. Miligiram 10 na BSA kuma ya ishe ka layi da yawa, ka rarraba shi a ƙananan kwalabe ka daskarar, ka riƙa ciro ɗaya-ɗaya. Narkarwa da sake daskararwa shi ke kashe shi, wanda da yanayin wutarmu yana faruwa ko ba ka taɓa firiza ba. Ka sa shi can ciki tsakanin robobin ƙanƙara.

Hajiya Rabi:
Da hunturu kuma a rufe kubet da kwalabe. Ƙura kaɗan a jikin kubet ta isa ta ɗaga karatu.

Zainab T/Wada:
Assalamu alaikum, na dawo da sakamako. Bayan TCA, Lowry ya sauko daga 4.6 zuwa 1.9. Ruwan saman da Malam ya ce in zubar, na rage kaɗan na kashe asid ɗinsa da soda na sa masa Folin, ya yi shuɗi sosai. Bradford da Tris a kwalbar sifiri ya ba ni 1.4 a sirki biyu da huɗu, 1.5 a sirki takwas. BSA ɗin da na ƙara ya fito kashi 94. Na sake lissafin tebur, ninkin tsarkakewa ya ragu sosai, amma na kai wa malamin da ke duba aikina duka sakamakon, ya ce in ci gaba a haka.

Malam Haruna:
Alhamdu lillahi. Kun ga dai da aka kawar da fenol, Lowry bai sauko har 1.4 ba, a 1.9 ya tsaya. Abin da na ce ke nan, Bradford da ma'aunin BSA yana rage wa furotin ɗin ganye. Ni da aikina ne, Lowry da TCA zan yi a kowane mataki.

Dakta Maryam:
Mai yiwuwa ne, Malam, mai yiwuwa kuma wani fenol ɗin ya manne wa furotin ya bi shi ƙasa. Ba za mu raba gardamar nan da abin da ke hannunmu ba, sai da gwajin amino asid, wanda aikin nan bai kai a kashe masa wannan kuɗin ba. Ni Bradford na zaɓar mata saboda kwalabenta za su yi yawa in ta fara tara ruwan da ke fitowa daga kolum, bututun da ake rarrabe furotin a cikinsa, ga amoniyom salfet da bai dame shi kamar yadda ya dami Lowry ba, kuma a matakan ƙarshe furotin ɗin zai yi ƙaranci, TCA na iya ɓatar da wani.

Malam Haruna:
Wannan uzurin na ƙarshe na karɓe shi. Amma ta bar 1.9 ɗin a cikin kundin, kada ta goge.

Dakta Maryam:
Ta bar shi, har 4.6 ɗin ma, a ƙaramin tebur nasa daban da bayanin dalili. Zainab, hanya ɗaya za ki riƙe daga ɗanyen ruwa har ƙarshe, kada tebur ɗaya ya haɗa lambar Lowry da ta Bradford. A babin hanyoyi ki rubuta cewa miligiram ɗinki daidai da BSA ne, ki faɗi bafar da ke kwalbar sifiri, da iyakar layin ma'auni, da yawan sirki. Niƙa na gaba ki zuba garin sinadarin PVPP kamar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a bafar tun a turmi, zai kama fenol ya bi tuƙa da su. Kada ki sa bitamin C don hana rikiɗar launi kamar yadda wasu ke yi, zai ɓata miki gwajin feroksides ɗin kansa.

Bashir Kawo:
Dakta, nawa aikin a kan ganyen kuka ne, kuma Lowry na yi wa ɗanyen ruwan. Ina da sauran samfur a firiza. Yauƙinsa yana da yawa, TCA zai yi aiki a kansa?

Dakta Maryam:
Zai yi, amma yauƙin zai wahalar da fifet, kuma yana iya kwanciya tare da furotin. Ka sirka shi tukuna, ka ɗiba a hankali, ka wanke da asiton sau biyu. Ka turo min karatun na'urar yadda ya fito, tare da na BSA, kafin ka yi wani lissafi.